Yadda 'Yar Shekara 26 Ta Ci Kujerar Majalisar Dokokin Jihar Kwara

Ranar Asabar, 18 ga watan Maris, 2023, aka yi zaɓen gwamnoni da na 'yan majalisun dokoki na jihohi a Nijeriya. A Jihar Kwara akwai wata mazaɓa da ake kira Owode/Onire. Da aka gama ƙidaya a can, sai aka ga wata matashiya mai suna Rukayat Motunrayo Shittu, ta jam'iyyar APC, ta sami ƙuri'a 7,521. Mai bi mata, wato ɗan takarar jam'iyyar PDP, ya sami ƙuri'a 6,957. Ratar da ke tsakaninsu ƙuri'a 564 ce kacal.

Shekarunta 26 a lokacin. Aikin jarida take yi kafin ta shiga takara. A watan Yuni na shekarar aka rantsar da ita tare da sauran 'yan majalisa 23, kuma duk cikinsu ita ce ƙarama.

Labarin ya bazu a rediyo da jaridu har ƙasashen waje. Sai dai yawancin masu ba da shi sun tsaya ne a kan shekarunta kawai. Mutumin karkara yana bukatar ya ji fiye da haka. Yana bukatar ya san hanyar da ta bi, da abin da hanyar take ci, da kuma abin da mai wannan kujera zai iya yi wa ƙauye. Domin a duk majalisun da ke yin doka a jiha da tarayya, wannan ce kujerar da ta fi kusa da talaka.

Daga ina ta fito?

An haifi Malama Rukayat ranar 6 ga watan Yuni, 1996. Asalinta ƙauyen Manyan ne, a Ƙaramar Hukumar Asa. Hedikwatar Asa tana garin Afon, ba nisa da birnin Ilori. Jihar Kwara tana da ƙananan hukumomi 16, kuma Asa ɗaya ce daga cikin guda 5 da ke ƙarƙashin Sarkin Ilori. Yawancin mutanen wurin da Yarbanci suke magana. Manoma ne, suna noma rogo da masara da doya da dawa. Akwai kuma Fulani makiyaya a tsakaninsu.

Ilori ba baƙuwar ƙasar Hausa ba ce. Tana cikin masarautun Daular Usmaniyya, a ɓangaren Gwandu. Tana kuma cikin tsohuwar Jihar Arewa har zuwa 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kwara.

A Ilori ta yi karatunta. Ta gama sakandare a makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke unguwar Oko Erin. Daga nan ta shiga kwalejin Larabci da addinin Musulunci ta jihar, inda ta sami difloma a 2015. Ba ta wuce jami'a nan take ba. Sai a 2017 ta shiga Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda ake kira NOUN a taƙaice. Ta gama a 2022 da digiri a fannin aikin jarida.

Wannan jami'a daban take da sauran. Ɗalibi ba ya tarewa a cikinta. Yana zaune a garinsu, yana sana'arsa, ana ba shi littattafai da darussa, yana zuwa cibiyar da ta fi kusa da shi don jarrabawa. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984. Sai a 2002 aka farfaɗo da ita a zamanin Cif Olusegun Obasanjo. Shi kansa Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki, a can ya koma ɗalibi da furfurarsa, har ya kai digiri na uku.

A wannan jami'a Rukayat ta fara koyon siyasa. Ɗaliban suna da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar kuma tana da majalisarta. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci wannan majalisa ta ɗalibai. Tana karatun tana aiki da wata kafar labarai ta intanet a Ilori, har ta zama shugabar sashen labarai. Ta kuma shiga wata ƙungiyar matasa masu neman gyara a jihar, mai suna Kwara Must Change, wato dole Kwara ta canza. Ke nan ba daga sama ta faɗo ba. Ta yi shekaru tana shiga taro, tana koyon magana a gaban jama'a, tana sanin mutane.

Dokar da ta buɗe ƙofa

Da a ce a 2015 aka yi wannan zaɓe, ko fom ba za a sayar mata ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai mai shekara 30 zai nemi majalisar jiha. Wasu ƙungiyoyin matasa suka tashi suka ce ba a yi daidai ba. Hujjarsu mai sauƙi ce. Mai shekara 18 yana jefa ƙuri'a. To don me zai jira shekara 12 kafin shi ma a jefa masa?

An daɗe ana kai da komowa. Gyaran tsarin mulki ba ƙaramin aiki ba ne. Sai Majalisar Tarayya ta yarda, sannan sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su ma sun yarda. A ƙarshe Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa gyaran hannu ranar 31 ga watan Mayu, 2018. Shekarun neman majalisar jiha da Majalisar Wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25. Na shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35. Na gwamna da sanata aka bar su a 35.

Dattawa sukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma shigar matasa majalisa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. An haifi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, a 1929. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya zama minista a 1959. Mai karatu ya lissafa shekarunsa da kansa.

Ban da shekaru, sashe na 106 na tsarin mulki ya kafa wasu sharuɗɗa. Dole mai nema ya zama ɗan Nijeriya. Dole ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma jam'iyyar ta tsayar da shi. Dole kuma ya yi karatu zuwa matakin gama sakandare, ko abin da ya yi daidai da shi. Ba a ce sai mai digiri ba. Sashe na 318 ma ya ƙara sassautawa. Ya ce mai takardar gama firamare zai iya shiga, in ya yi aiki na shekara 10 da Hukumar Zaɓe ta yarda da shi, ya halarci kwasa-kwasai da suka kai shekara 1, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci. Mutane da yawa ba su san da wannan ba.

Kuɗin shiga

Doka ta buɗe ƙofa, amma a bakin ƙofar akwai mai karɓar kuɗi. A 2022 jam'iyyar APC ta sa kuɗin fom ɗin neman majalisar jiha naira miliyan 2. Naira 500,000 na nuna sha'awa ne, naira miliyan 1 da rabi kuma na tsayawa takara. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da shekara 5, bai ci ko kwabo ba, kafin ya sayi fom ɗin.

Jam'iyyar ta yi wa wasu rangwame. Mata da naƙasassu aka ce su biya kuɗin nuna sha'awa kaɗai. Matasa kuma aka rage musu rabi. Rangwamen ya taimaka, ko da yake naira 500,000 ma ba kuɗin da ake tsinta a hanya ba ne.

Kuma fom somin taɓi ne. Akwai kuɗin mota da mai. Akwai fasta da lasifika. Akwai abincin masu rakiya, da sallamar wakilan da za su tsaya a kowace rumfar zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce mai neman majalisar jiha kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Iyakar da aka yarda a kashe ke nan a lokacin, kuma wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa 'ya'yan talakawa ba su cika kai wa majalisa ba.

Bayan fom sai zaɓen fid da gwani. A lokacin, a nan ne wakilan jam'iyya suke taruwa su fitar da mutum ɗaya daga cikin masu nema. A watan Mayu na 2022 Rukayat ta sami tikitin APC na Owode/Onire. A lokacin ba ta ma cika shekara 26 ba. Masu siyasa sun san cewa wannan mataki ya fi babban zaɓe wuya a wurare da yawa, domin mutane kaɗan ne suke yanke hukunci, kuma manyan jam'iyya suna da ta cewa.

Yaƙin neman zaɓe

Hukumar Zaɓe ta buɗe yaƙin neman zaɓen jihohi ranar 12 ga watan Oktoba, 2022. Neman kujerar majalisar jiha a karkara aikin ƙafa ne. Ɗan takara ba ya cika filin wasa da jama'a kamar mai neman gwamna. Ƙauye-ƙauye ake bi. A gai da mai gari da limami, a zauna da mata a tsakar gida, a shiga kasuwa ranar da take ci. Samun tikitin da Rukayat ta yi ya sa sunanta ya shiga jaridu da wayoyin matasa tun 2022. Amma waɗanda suka yaba mata daga Legas da Abuja ba su da ƙuri'a a Asa. Ƙuri'ar tana hannun manoma da 'yan kasuwar mazaɓar.

Ya kamata a faɗi cewa ba ita kaɗai ta yi tafiyar ba. A jam'iyya mai mulki ta tsaya. A 2019 an yi wata guguwa a Kwara da ake kira O to ge, wato ya isa haka da Yarbanci. Guguwar ce ta kawo ƙarshen rinjayen gidan Saraki a siyasar jihar. Alhaji AbdulRahman AbdulRazaq ya zama gwamna. Dakta Bukola Saraki, wanda yake Shugaban Majalisar Dattawa a lokacin, ya rasa kujerarsa. APC ta kwashe dukkan kujeru 24 na majalisar jiha. A 2023 gwamnan ya sake tsayawa, kuma rana ɗaya aka yi zaɓensa da nata. Inuwar jam'iyya ta rufe ta, babu shakka.

Duk da haka nasarar ba ta zo da sauƙi ba. Asa tana cikin Kwara ta Tsakiya, yankin da Saraki ya wakilta, kuma PDP tana da jama'a a can. Ga shi zaɓen ya zo a lokacin wahala. An canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, mutane suna kwana a layin banki. An kuma ɗage zaɓen da mako guda, daga 11 ga Maris zuwa 18, domin a sake saita na'urar BVAS. Ita ce na'urar da ke duba yatsa ko fuskar mai zaɓe kafin a ba shi takardar ƙuri'a.

A sake duba ratar nan ta ƙuri'a 564. A 2023 masu rajistar zaɓe a Nijeriya sun haura miliyan 93, rumfunan zaɓe kuma 176,846 ne. In aka raba, kowace rumfa za ta tashi da mutum 500 da 'yan kai. Wato yawan mutanen rumfa ɗaya ne ya raba gardama a Owode/Onire. Da mutum 283 daga cikin waɗanda suka zaɓe ta sun juya sun zaɓi ɗayan, da labarin ya sha bamban. Masu cewa ƙuri'ar mutum ɗaya ba ta ƙara komai, su dubi wannan lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa ana maganar miliyoyi. A zaɓen majalisar jiha ƙauye ɗaya yakan iya ɗora mutum ko ya sauke shi.

Mata 5 a cikin 24

Ba ita kaɗai ce mace ba a sabuwar majalisar. Mata 5 suka ci zaɓe a Kwara a 2023. A majalisar da aka zaɓa a 2019 kuwa babu mace ko ɗaya. A tsakanin shekarun an yi wasu abubuwa. Gwamnan ya naɗa mata fiye da rabin kwamishinoninsa a 2019, har da wata mai shekara 26. A 2021 ya sa hannu a dokar da ta ce kada mata su gaza kashi 35 cikin 100 na masu irin waɗannan muƙamai na naɗi. Dokar ba ta shafi kujerun zaɓe ba, amma ido ya saba da ganin mace a kan kujera.

A ƙasa baki ɗaya abin bai yi yawa ba. Kujerun majalisun jihohi 993 ne. Matan da suka ci a 2023 wajen 50 ne kawai. A Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kabi ba a zaɓi mace ko ɗaya ba. Hakan na nufin a waɗannan majalisu, in ana maganar asibitin haihuwa ko makarantar 'yan mata ko rijiyar da mata suke ɗiban ruwa, maza ne zalla suke yanke hukunci.

Abin yana da tarihi. A jamhuriya ta farko matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, har da matan Ilori. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri sau da yawa a kan wannan magana da makamantanta. Sai a 1976 matan Arewa suka sami wannan iko. A watan Maris na 2022 an kawo shawara a Majalisar Tarayya a ware wa mata wasu kujeru na musamman, 'yan majalisa suka ƙi amincewa.

Abin da ta sa gaba, da abin da kujerar take iya yi

Maganar da aka fi sanin Malama Rukayat da ita tun tana nema ita ce a dama da matasa da mata a harkar mulki. Mazaɓarta kuwa ta karkara ce, kuma bukatun karkara ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan sha, hanyar fitar da amfanin gona, makaranta mai malami, asibiti mai magani, da abin yi ga matasa. To a nan ne ake samun rashin fahimta tsakanin ɗan majalisa da mutanensa.

Ɗan majalisa ba ya riƙe da baitulmali. Ba shi yake ba da kwangila ba. Ba shi yake ɗaukar malamai ko ma'aikatan jinya ba. Wannan aikin gwamna ne da kwamishinoninsa, da kuma ƙananan hukumomi. In ɗan takarar majalisa ya hau mumbari ya ce zai gina hanya, ya kamata a tambaye shi da wane kuɗi. Abin da yake iya yi shi ne ya sa a saka hanyar a kasafin kuɗi, sannan ya bi sawu har a yi ta.

Kasafin kuɗi shi ne babban makaminsa. Kowace shekara gwamna yana kawo wa majalisa lissafin abin da jiha za ta samu da abin da za ta kashe. Tsarin mulki ya hana a taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince. Ana raba lissafin ga kwamitoci. Kwamitin ilmi ya kira kwamishinan ilmi, kwamitin lafiya ya kira na lafiya, a bi layi-layi. A wannan zama ne ake saka sunan ƙauye ko a manta da shi. Ɗan majalisar da ya san karatun lissafi, ya kuma halarci zaman, zai iya cewa ga makarantar gari kaza rufinta ya yaye, ina kuɗinta? Wanda bai zo ba, ko ya zo yana gyangyaɗi, sai dai ya ɗaga hannu in an ce a ɗaga.

Bayan an amince da kasafi sai bin diddigi. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike. Tana iya kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Tana iya aika kwamiti ya je ya ga aikin da idonsa. In an ce an haƙa rijiyar burtsatse 10, a je a ƙirga, a kuma buga a ga ko ruwa yana fitowa.

Kwara tana da misalin abin da ke faruwa in bin diddigi ya yi rauni. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. Gwamnatin Tarayya tana ware wa kowace jiha kuɗin gina azuzuwa da gyara su. Sharaɗin shi ne jiha ta fara ajiye nata kason daidai da na tarayya. Daga 2014 zuwa 2019 Kwara ba ta karɓi kasonta ba. Sai daga baya jihar ta biya wajen naira biliyan 7, aka ba ta kwatankwacinsa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2014 ya kusa gama firamare kafin kuɗin su fito. A duk waɗannan shekaru akwai majalisa tana zama.

Sai aikin da aka fi sani, wato yin doka. Kowane ɗan majalisa yana iya kawo ƙudurin doka. Za a karanta shi sau uku. A karatu na biyu ake muhawara. Daga nan a miƙa wa kwamiti, kuma kwamiti yakan kira taron jin ra'ayin jama'a, inda kowa zai iya zuwa ya yi magana. In majalisa ta amince sai a kai wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya mai da ƙudurin doka ba da hannunsa ba. A Kwara mutum 16 ke nan daga cikin 24.

Wannan lissafi ya nuna iyakar ƙarfin mutum ɗaya. Malama Rukayat ƙuri'a ɗaya gare ta. Ko matan 5 sun haɗa kai, ba su kai rabi ba. Duk abin da take so ya wuce, sai ta shawo kan maza da suka girme ta, wasu ma sun haife ta. Sabon ɗan majalisa yakan shafe watanni yana koyon ƙa'idar zaure, da lokacin da ake tashi a yi magana, da yadda ake rubuta ƙuduri. Ga kuma matsalar da ta zama ruwan dare a jihohi. In gwamna da kusan dukkan 'yan majalisa jam'iyyarsu ɗaya, bincike yakan yi sanyi. Ba kowa ne yake iya tuhumar wanda ya taimaka masa ya sami tikiti ba.

Amma kada a raina majalisar jiha. Akwai dokokin tarayya da ba sa aiki a jiha sai majalisarta ta karɓe su. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 haka take. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ma haka, a Abuja kaɗai ta fara aiki. Waɗannan dokoki ne da suka shafi mata da yara kai tsaye. A watan Maris na 2023 kuma aka sake gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon yin doka a kan wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari. Majalisar jiha ce take tantance kwamishinoni kafin a rantsar da su. Ita take yin dokokin ƙananan hukumomi. Tana ma iya tsige gwamna in ya aikata babban laifi.

Yawan 'yan majalisa ya danganta da girman jiha. Tsarin mulki ya ce kada su gaza 24, kada su wuce 40. Kwara tana da 24, Kano tana da 40. Ana gudanar da zama da Turanci, amma sashe na 97 ya yarda a haɗa da harshen mutanen jihar in majalisa ta amince.

Akwai wani nauyi da ba ya cikin tsarin mulki, amma shi ya fi cin lokacin ɗan majalisa. Tun da asuba ƙofar gidansa a cike take. Wannan matarsa ta haihu, wancan an kwantar da ɗansa a asibiti, wani kuɗin makaranta yake nema. Taimako abu ne mai kyau, kuma talauci ne ya kawo haka. Sai dai in jama'a suka auna ɗan majalisa da abin da ya miƙa musu a hannu kaɗai, shi ma zai koyi cewa rabon buhun shinkafa ya fi zaman kwamiti riba. Shinkafar ta ƙare a mako biyu, asibitin garin yana nan ba magani.

In ɗan majalisa ya ɓace fa?

Tsarin mulki ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zaman, ba da wani dalili mai ƙarfi ba, zai iya rasa kujerarsa. Zauren majalisa yana da wurin zaman baƙi, ana kuma rubuta abin da kowa ya faɗa. Ƙungiyar gari tana iya tura wakilai su je su ji ko ɗan majalisarsu yana buɗe baki. Tana kuma iya rubuta takardar koke ta ba shi ya gabatar a zaure.

Akwai kuma kiranye. Sashe na 110 ya ce in fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu cewa sun daina amincewa da wakilinsu, sai su kai wa Hukumar Zaɓe. Hukumar za ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanyar tana da wuya ƙwarai. A 2018 an gwada ta a kan Sanata Dino Melaye na Jihar Kogi, maƙwabciyar Kwara. Ranar tantancewa mutane kaɗan ne suka fito, maganar ta mutu a nan.

Wa'adin majalisar jiha shekara 4 ne. Na majalisar da Malama Rukayat ta shiga zai ƙare a 2027. Gwamna sau biyu kawai yake iya yi, amma ɗan majalisa ba shi da iyaka. Yana iya komawa sau nawa, muddin jam'iyya ta sake ba shi tikiti, mutanen mazaɓarsa kuma suka sake fitowa da katinsu.